Tamowa Ta Shiga Gidanmu Alhali Akwai Hatsi a Rumbu

Assalamu alaikum. Ni 'yar arewacin Jigawa ce, daga wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari, inda in ka hau mashin ba ka jima ba za ka ga kanka a Nijar. Mu manoma ne kaka da kakanni. Gero, dawa, wake, gyaɗa, riɗi, zoɓo, duk muna nomawa. Na fara da wannan ne don duk wanda na ba labarin 'ya'yana biyu da tamowa ta kama, abin da yake fara cewa shi ne, "Allah sarki, talauci!" Talauci akwai shi, ban musa ba. Amma a shekarun da zan ba da labari, ba a taɓa wuni ba a ɗora tukunya a gidanmu ba.

Na gama firamare, na shiga ƙaramar sakandare, ban ƙarasa ba aka ɗaura mini aure. Babban gida aka kai ni: maigidana da yayyensa biyu da matansu, sai Inna, mahaifiyarsu, wadda ita ke da ta cewa a kan duk abin da ya shafi ciki da haihuwa da goyo. Ba na so wani ya ɗauka muguwa ce. Mace ce mai tausayi, ta haihu da yawa, ta binne kusan rabi, kuma abin da uwarta ta yi mata shi take yi mana da zuciya ɗaya.

Haihuwata ta fari lafiya lau. An matse dakashi an zubar, wai gurɓataccen nono ne, aka yi ta ɗura wa jariri ruwa da ruwan dabino har farin nono ya kawo. Na yi wankan jego, na sha kunun kanwa har na gaji. Yaron ya rayu, ya yi ɓul-ɓul, saboda haka babu wanda ya ga aibin komai.

Na biyu ma namiji ne. Bai cika shekara ba aka gane ina da ciki. Kwanika ke nan, abin da ake yi wa mace dariya a kansa a gidan biki, ake kuma tsorata ta da shi a cikin ɗaki. Inna ta ce nonon mai ciki guba ne ga yaro, sai a yaye shi yau ba gobe ba. Aka shafa mini maɗaci, da la'asar ƙanin maigidana ya ɗauke shi a mashin zuwa garinmu wajen mahaifiyata. Yaron da bai san komai ba sai nono, da ɗan kunun da yake lasa in ya ga dama, rana ɗaya ya koma kunun gero tsararo safe da yamma, sai tuwon da ake dama masa da miyar kuka. Gudawa ta fara, aka ce haƙori ne. Ƙyanda ta shigo garin ta kama shi, ta sake shi, amma bai ƙara komawa daidai ba. Aka kai shi wajen wanzami ya cire masa beli. Aka yi rubutu, aka yi turare. Da aka dawo mini da shi a damunar 2012, fatar cinyarsa ta yi yaushi tana reto, idanunsa sun faɗa, kuka ma ba ya iya yi da ƙarfi. Ya rasu kafin a yanke gero. Masu gaisuwa suka ce kwana ne ya ƙare, Allah ya sa mai ceto ne. Na ce amin, kuma har gobe amin nake cewa. Sai dai babu ko mutum ɗaya a cikinmu da ya kawo a ransa cewa abin da ya kwantar da yaron yana da magani a asibiti, alhali tun 2009 aka fara shirin jinyar tamowa a Najeriya.

Cikin da aka yaye shi dominsa na haife shi lafiya. Rayuwa ta ci gaba.

A 2017 na haifi mace. Damunar 2018 ta same ta tana da shekara ɗaya da 'yan watanni, tana shan nono, ta fara takawa. Wanda bai zauna ƙauye ba ba zai gane abin da damuna take yi wa mai goyo ba. Hatsin bara ya ja baya, na bana bai nuna ba, gyaɗa da wake an sayar tun kaka, abin da ya saura iri ne kuma ya shiga ƙasa. Ga sauro. Ga surfe da daka da ɗiban ruwa da kai abinci gona. Yarinya tana hannun yayanta yawancin yini, in an sauke tuwo a zuba musu kwano ɗaya da sauran yaran gida, kafin ta kai loma biyu manya sun sharce kwanon. Zazzaɓi ya kama ta, muka sayo magani a kemis, ya sauka, ya dawo. Sai ta daina tafiya. Ta koma zama wuri ɗaya, in ka taɓa ta ta yi ƙorafi, in ka miƙa mata abinci ta kau da kai. Gashinta ya yi ja ya yi laushi, in na shafa sai ya biyo hannuna. Amma kumatunta da ƙafafunta sun cika, shi ya sa matan gida suke cewa, "Ke dai kin cika tsoro, yarinya tana ƙiba kina cewa ba ta da lafiya."

Wata safiya matar nan mai shuɗin hijabi da ke bin gida-gida saboda riga-kafin shan inna ta shigo. 'Yar ƙauyen gaba da mu ce, mun saba da ita. Tana ganin yarinyar ta ajiye jakarta. Ta kama ƙafafun biyu, ta danna bayansu da manyan yatsunta, ta ɗan riƙe tana ƙirga ɗaya, biyu, uku, ta ɗaga. Wurin ya lotsa, ya ƙi tasowa. Ta ciro wani siririn tef mai launi uku ta zagaya damtsen hagu, ya tsaya a kan ja.

Ta ce, "Yaya, wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Yau ya kamata a kai ta, kada a kai gobe."

Maigida yana gona, ana tsakiyar maimai. Da ya dawo na gaya masa, ya yi shiru, sannan ya fara lissafi: kuɗin mashin, wanda zai yi girki, wanda zai kai wa 'yan aiki abinci. Ya ce a bari ranar Alhamis in ya je kasuwar Maigatari ya sayo magani. Inna tana bakin ƙofarta tana gyaran kuka. Ta miƙe ta zo ta ɗauki yarinyar, ta danna ƙafar kamar yadda ta ga an yi da safe, ta tsaya tana kallon wurin. Ta ce, "Ɗan nan, ka bar ta ta je. Na binne mai irin wannan ƙafar, ba ɗaya ba." Kashegari ya sayar da tunkiya muka kama hanya.

A ƙaramin asibiti aka fara duba ta, aka ba ta abincin tamowa a gwada ko za ta ci, ta ƙi ko lasa. Nan take aka rubuta mana takarda zuwa babban asibiti, aka ba mu gado.

Abin da ya fara ba ni mamaki a ɗakin nan shi ne shiru. Yara cike, wani gadon ma biyu-biyu, amma ba ka jin irin ihun da ka sani na ɗakin yara. Ba su da ƙarfinsa. Aka sa wa yarinyata siririyar roba ta hanci, aka fara ba ta wata madara mai ruwa-ruwa da suke kira F-75, 'yar kaɗan a kofi mai layin awo, bayan kowace awa biyu ko uku, dare da rana. Ƙarfe biyun dare sai ka ji nas tana bubbuga ƙarfen gado: "Masu jinya a tashi, madara." Ni kuwa raina ya ɓaci. Na taso tun daga ƙauye, an sayar da tunkiya, a ce abin da za a ba 'yata ke nan? Ina ƙarin ruwa? Ina ƙarin jini? Na aika aka sayo mini shayi mai kauri da burodi zan ba ta a ɓoye, wata sista mai ɗan shekaru ta hango ni. Ba ta yi mini tsawa ba. Ta zauna a bakin gadon ta ce, "Baiwar Allah, jikin yaron da ya daɗe bai samu abin da yake buƙata ba, komai nasa ya rage aiki, hanji da hanta har da zuciya. In kika ɗura masa abinci mai nauyi lokaci ɗaya, ko aka sa masa ledar ruwa ba bisa ƙa'ida ba, zuciyar ba za ta ɗauka ba. Madarar nan ba don ta yi ƙiba ba ce, don jikin ya farfaɗo ne tukuna. Shanye shayinki, ke ma kina shayarwa."

Ta kuma ce in riƙa rungume ta a ƙirjina in lulluɓe mu da zane, musamman da asuba, don masu tamowa sanyi yana kama su ko ana zafi, kuma sanyin yana kashewa. An ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta duk da ba ta da zazzaɓi a lokacin, wai jikinsu ba ya iya nuna alama ko cuta na ciki.

Kullum da safe a ɗora ta a sikeli. Na lura lambar da ake rubutawa a kati raguwa take yi. Hankalina ya tashi, na ce an kawo yarinya a gyara ta ga shi tana ƙara lalacewa. Ashe ruwan kumburin ne yake fita. Da ya gama saɓewa sai ainihin jikinta ya bayyana, ƙashi da fata, na ga abin da muka yi ta kira ƙiba. Ranar na yi kuka sosai, na tuna yayanta.

Gadon da ke kusa da namu wata 'yar Nijar ce daga wajen Magarya, ta girme ni nesa, jikanta take jinya. Ita ta ba ni labarin yunwar 2005, bayan fara da ƙarancin ruwa sun cinye amfanin gona, lokacin da likitocin MSF, ƙungiyar likitocin agaji ta ƙasa da ƙasa, suka yi jinyar dubban yara a Maraɗi da abincin tamowa na leda, uwa ta karɓa ta koma gida maimakon a kwantar da kowa. Ta ce a wajensu tun daga lokacin ko tsohuwa ta san launin tef. Jikan nata bai tashi ba. An kawo shi a makare. Da asuba ta naɗe shi a zanenta, ta yi mana sallama ɗaya bayan ɗaya, ta ce mini, "'Yata, ki riƙe taki da kyau."

Bayan 'yan kwanaki aka cire robar hanci, yarinya ta fara karɓar kofi da kanta, aka canza mata madara mai ɗan kauri. Wata rana tana zaune ta miƙa hannu ta fizge kofin daga hannuna tana ihu don na yi jinkiri. Sista ta yi dariya ta ce, "Alhamdu lillahi, faɗa ya dawo." Aka sake gwada ta da abincin tamowa: aka wanke mata hannu, aka yage bakin ledar, aka ce in koma gefe in ba ta ba tare da dole ba. Ta tsotsa, ta tsaya, ta sake tsotsa, ta riƙe ledar da hannu biyu. Mun fi mako guda a can aka sallame mu.

Abincin nan, ga wanda bai taɓa gani ba, gyaɗa ce niƙaƙƙiya da garin madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, a cikin leda mai giram 92. Ba a dafawa, ba a damawa da ruwa, ba ya lalacewa da wuri, sai dai a ba yaro ruwa mai tsabta ya kora. A Faransa aka fara haɗa shi a 1996, ana kiransa Plumpy'Nut, yanzu kuma ana yin irinsa a Yamai, ana yi a Kano da Legas. Katan ɗaya leda 150 ne, kusan abin da yaro ɗaya yake buƙata ya warke ke nan. Da na ji abin da ke ciki sai da na yi tsaki. Gyaɗa! Abin da muke lodawa a amalanke kowace kaka muna sallamarwa da araha.

Duk mako ina komawa ƙaramin asibiti, a auna damtse, a ɗora sikeli, a danna ƙafa, a ba ni na mako gwargwadon nauyinta, in mayar da ledojin da ta shanye. An ja mini kunne cewa magani ne, ba a rabawa. Faɗa da baki ba wuya. Ka zauna a tsakar gida mai yara fiye da goma kana ba ɗaya abu mai zaƙi, sauran sun kewaye ka sun zuba ido, a lokacin da kowa kununsa ba sukari. Sai na koma ba ta a cikin ɗaki, in saki labule. Yayanta mai bi wa marigayi yakan tsaya a bakin ƙofa, ba ya roƙo, tsayuwa kawai. In ta gama sai in tsaga ledar gida biyu in ba shi ya lashe cikin, in karɓa in adana. Faccalata ta yi fushi da ni kwana da kwanaki don na hana ɗanta.

Na sha ganin ledar nan a teburin mai shayi, ƙatti suna shafawa a burodi. Mutane suna zagin iyaye mata masu sayarwa, ni ma ba na goyon baya, don yaron da aka rage wa rabonsa komawa baya yake yi. Amma macen da ta sayar da leda biyu don ta auno gero ta ciyar da yara biyar, ba zan haɗa ta da wanda ya fitar da katan-katan ta ƙofar baya ba. A bakin mutane kuwa ta farkon ce kullum ke shan zagi.

Cikin wata biyu tef ya koma kore, aka rufe mana kati. A nan ne na ga inda gizo yake saƙa. Leda ta ƙare, tukunyarmu kuwa tana nan yadda take. Na ga mata da yawa da aka sallama, damuna ta zagayo suka koma layi da yaron nan dai ko da ƙaninsa.

Mai shuɗin hijabi ta sa ni a ƙungiyar mata masu goyo da take tarawa a gidan ungozoma. A can na koyi garin kunun da ake kira Tom Brown: awo 6 na gero ko dawa ko masara, awo 3 na waken suya, awo 1 na gyaɗa. A tsince, a soya kowanne daban, waken suya a soya shi sosai a ɓarza a fece ɓawon, sannan a haɗa a kai inji. Kunun kuma a dama shi da kauri, yadda zai zauna a cokali, don cikin yaro ɗan ƙarami ne, in ka cika shi da ruwa babu wurin abinci. A zuba ɗan man gyaɗa ko manja, a barbaɗa garin zogale. Yaro a ba shi kwanonsa shi kaɗai, uwa ta zauna ta ga abin da ya ci. A can na ji cewa dakashin da muke zubarwa shi ne riga-kafin farko na jariri, kuma har wata 6 nono kaɗai ya isa, ko ruwa ba sai an ba shi ba. Wannan maganar ta ruwa ita ta fi wahalar shiga, don a zafin bazararmu in ka ce wa tsohuwa kada a ba jariri ruwa, kallon mara imani za ta yi maka. Amsar da muke bayarwa ita ce uwar ta sha ruwan, jaririn ya ƙara shan nono.

Ilimi ya samu, saura kayan haɗi, su kuwa ba a hannun mace suke ba. Wannan ne abin da nake ganin masu shirya tarurrukan nan ba su cika lura da shi ba. Mu ake tarawa a ƙarƙashin bishiya ana nuna mana hoton ƙwai da kifi da wake, alhali wanda yake buɗe rumbu, yake yanke abin da za a sayar da abin da za a bari, yana majalisa.

Da kaka ta yi, an casa gyaɗa an ɗura a buhu, dillali ya zo ya gani. Da dare bayan ya ci tuwo na ce, "Malam, ina da magana." Ya ce yana ji. Na ce a bar mini buhun gyaɗa ɗaya da ɗan wake a ɗakina saboda yara. Ya ce, "Kuɗin taki fa? Bashin da na ci kuna asibiti fa?" Na ce, "Tunkiyar da ka sayar muka tafi, kuɗin gyaɗa tiya nawa ce?" Bai amsa ba, ya ɗauki buta ya fita. Kashegari na tarar da rabin buhu a bayan ƙofa, da wake a wani tsohon bokiti. Ba a sake maganar ba. Ban samu buhu cikakke ba har yau, amma rabin nan ba ya fashi. Abin da ya ƙara taimaka mini shi ne wata huɗubar Juma'a da limaminmu ya yi a kan aya ta 233 a Suratul Baƙara. Kowa ya san farkonta, shayarwa shekara biyu cikakku. Liman ya tsaya a kan abin da ya biyo baya, cewa ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita a wuyan uban yaro suke. Maigida da kansa ya dawo yana ba ni labari.

Da Inna kuwa a kan ƙwai muka kai ruwa rana. Zabi da damuna suke ƙwai, daidai lokacin da yara suka fi ramewa, mu kuma mu tattara mu ba yara su kai bakin titi su sayar wa matafiya. Inna ta ce yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo zai zama, daga akurki zai fara. Na rasa ta inda zan ɓullo, sai na fara dafawa ina murtsukewa a cikin faten wake. Ta kama ni ina yi. Ta tsaya ta yi nazari, ta ce, "To, in dai bai gan shi da ɓawonsa ba, ai bai san abin da zai sata ba." Da wannan fatawar aka ci gaba da cin ƙwai a gidan har ta rasu, Allah ya jiƙanta.

Kwanika ta sake samuna bayan haka. Na je awo da wuri, na karɓi ƙwayoyin ƙarin jini, na tambaya. Aka ce in dai cikin lafiyayye ne, in ci gaba da shayarwa, in ƙara cin abinci. Malamin Islamiyyarmu ma ya ce akwai hadisi a Sahihu Muslim da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi niyyar hana wannan, sai ya ga Rumawa da Farisawa suna yi ba ya cutar da 'ya'yansu, ya bari. Na shayar har cikin ya tsufa, na yaye a hankali, a gabana, ba a kai yaro ko'ina ba. An yi surutu a gida, surutun ya wuce.

Yanzu ni ma ina cikin masu sa kai. Ina da tef ɗina a jaka. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, daga nan zuwa 12.5 ruwan ɗorawa, sama da haka kore, ga yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. Muna koya wa iyaye mata su auna da kansu, don ba sai ka iya karatu ba kake gane launi. Muna fita makon lafiyar mata da yara da ake yi sau biyu a shekara, a ɗiga wa yara bitamin A, shuɗi ga 'yan ƙasa da shekara, ja ga manyansu, a ba su maganin tsutsar ciki. Da damuna kuma ana bin gida-gida da maganin riga-kafin zazzaɓin cizon sauro wata-wata. A wajen horo aka gaya mana cewa binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 37 cikin 100 a Najeriya sun tsumbure, a Jigawa kuwa 64 cikin 100. Da na dawo gida na dubi yaran unguwarmu, sai na gane dalilin da ya sa ba ma gani: in kusan kowa gajere ne, wa za ka gwada da wa? Tsumburewa ba ta da leda. Tun daga ciki zuwa shekara biyu ake kauce mata, in ta wuce nan gyaranta da wuya.

Shekarun nan na baya sun fi kowanne tsanani. An cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin mashin zuwa asibiti ya ninka. Aka yi juyin mulki a Nijar a Yulin shekarar, aka rufe iyaka wata da watanni, kasuwar Maigatari ta yi sanyi, mazan da ke samun na cefane a can suka zauna. Tiyar gero ta kai kuɗin da ba mu taɓa ji ba. A farkon 2025 kuma Amurka ta dakatar da yawancin tallafin da take bai wa ƙasashen waje. A rediyo na ji MSF ta ce yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na Katsina a wata 6 na farkon shekarar. Mu ma mun ji a jikinmu. Na auna wani yaro ya nuna ja, na lallashi ubansa da ƙyar, uwar ta goya shi ta taka da ƙafa, ta isa aka ce kaya sun yanke, ta dawo mako mai zuwa. Ta dawo ta same ni a gida, ba ta zage ni ba, cewa kawai ta yi, "Maman yara, da kin bar ni na yi surfena." Yanzu kafin in tura kowa sai na buga waya na tabbatar akwai kaya, sai fa mai kumburi ko wanda ya daina ci, shi kam babu jira, babban asibiti kai tsaye.

Ban yarda a ce maganin yaranmu sai ya jira jirgi daga wata ƙasa ba, a jihar da ke fitar da riɗi da zoɓo zuwa ƙasashen duniya. Amma wannan maganar manya ce, mu abin da hannunmu ya kai muke yi. Tun kakar bara waccan muka fara karo-karo a ƙungiya: kowace mace ta kawo tiya ɗaya ta gero da abin da ta samu na gyaɗa, mu haɗa kuɗin adashi mu sayi waken suya lokacin da yake araha, a zuba a durom mai murfi a ɗakin ungozoma. In tef ya nuna ruwan ɗorawa, a auna wa uwar gari na mako biyu kafin abin ya kai ja. Garin nan ba ya maye gurbin abincin tamowa ga wanda ya riga ya faɗa ja, muna nanata wannan.

Rigima ba ta ƙare ba. Akwai masu cewa wadda ba ta zuba ba kada a ba ta, alhali yawanci wadda ba ta da abin zubawar ita ce ɗanta ke ramewa. Gidaje biyu mazan sun hana matansu kawo ko gwangwani ɗaya, mun kai maganar wajen mai unguwa ya ce zai same su. Bara mun jira sai Agusta muka fara suya, durom ya ƙare kafin sabon gero ya shigo, mun kuma makara a kan yara uku. Bana mun tsayar da cewa za a fara awon gida-gida tun ruwan farko, kuma kowace mace za ta ƙara rabin tiya.